Rayuwar Sista, Wadda Ta Tafi Ba a Ji Bakinta Ba

Haihuwa da Karatu

A shekarar 1958 aka haifi ƙanwata, wadda duniya ta sani da Sista, a ɗakin da ke bayan zauren mahaifinmu, muƙaddamin ɗariƙa, mahaifiyarmu kuwa tela ce. A 1972 Baba ya ba ta wuridi, ya ce amfanin zikiri shi ne harshe ya saba, ta yadda ranar da hankali ya gudu zai yi aikinsa shi kaɗai. Ni a aji huɗu na tsaya, ita ta wuce makarantar jinya a 1976.

Aiki da Aure

Ta kama aiki a 1980, a ɗakin marasa lafiya mai gado goma sha biyu, inda ta rufe idanun mutane ba adadi. Ta taɓa ba ni labarin wani direba da ake laƙƙana masa shahada yana ta kiran fasinja har ransa ya fita. Tun ranar tsoro bai sake ta ba. A 1982 ta auri malamin lissafi, mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, Allah ya jiƙansa.

Bayan Ritaya

A 2015 hawan jini ya kama ta, sai autarta ta kai ta wani aji a saman kantin magani, inda ake zama a tabarmar roba ana ƙirga numfashi. Na leƙa sau biyu, don ganin ƙwaf kawai. Malamar, yarinya mai matsattsen wando, tana cewa kowa ya nemo kansa, babu mai kallonsa, alhali Baba ya rene mu a kan mutum ya manta kansa domin akwai Mai kallo. Jinin Sista ya sauka, ba zan yi ƙarya ba, amma carbinta ya koma cikin durowa tare da tsofaffin allurai.

Rasuwa

Ranar Talata, 9 ga Mayu, 2023, da hantsi, shanyewar jiki ta kama harshenta. Ina riƙe da hannunta ina laƙƙana mata kalma, babban yatsanta yana bin gaɓoɓin yatsu. Tasbihi ne, ko ƙirgar nan ta saman kanti? Na kara kunnena a bakinta har jikinta ya yi sanyi. Aka binne ta bayan la'asar kusa da mijinta.

Ta bar 'ya'ya uku: Injiniya, Uwar Tagwaye, da Auta.

Injiniya ne ya sa ni wannan rubutu. Ɗazu ya karanta, ya ce, "Inna, ƙara layi ɗaya mana, ki ce ta cika da kalmar shahada. Jikokinta za su karanta."

Na ce, "Ɗan nan, gulma na iya, amma ban da a kan gawa. Ban ji ba."

"Yanzu Inna, uwata fa?"

"Ƙanwata ce kafin ta zama uwarka. Da na ji, da tuni na samu natsuwa."

Ya ɗauki makullin motarsa, ya buga ƙofa har labule ya faɗo.