Aron Yatsa

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan Baba Kafinta yana buɗe shagonsa tun rana ba ta hau rufin maƙwabta ba. Shago ne ƙarami mai ƙofa biyu, ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon wata bishiya da ya ƙi sarewa ko a shekarun da katako ya yi wuya. A ciki akwai dogon teburin aiki da zarto ya zazzane kamar goshin tsoho, da gwangwanayen ƙusa jere bisa ga girma, da ƙanshin dusar katako mai bin mutum har gida. Rabin yaran layinmu a kan gadon da ya haɗa aka haife su.

Idan ka gaisa da shi, hannun ne zai fara ba ka labari. Tafinsa ya yi kanta, kan yatsun ya bushe ya yi tauri kamar ƙaho, gam ya shiga cikin tsagogin fatar ya yi zamansa. Da wannan hannun yake sauke butar shayi daga wuta ba tsumma. Wayarsa ma irin hannun ce: 'yar ƙarama mai madannai, an ɗaure ta da roba, lambobin duk sun goge, amma ko a cikin aljihu yatsansa ya san inda zai danna.

Aiki ya ja baya a 'yan shekarun nan, mutane sun koma sayen kayan kanti. Abin da ya riƙe shagon shi ne wani ɗan kwangila mai gina jerin gidaje a bayan gari, wanda ya ba shi ƙofofi da tagogi. Saurayi ne mai ladabi, sai dai kullum cikin sauri yake.

"Baba, kwatance da baki yana ɓata mana lokaci," in ji shi wata rana. "Ka nemi babbar waya. Hoto zan riƙa turo maka, da awo a jiki."

Auta, 'yarsa mai aikin jinya a wani gari mai nisa, ita ta saya ta aiko. Ta saka komai a ciki, ta kuma yi masa bayani dalla-dalla: idan an kira, ya ja koren maɓallin da zai fito a gilashin, idan hoto ya yi ƙanƙanta, ya sa yatsa biyu ya buɗa. Ya ce ya gane, kuma gaskiya ya gane. Mutumin da yake haddace awon ɗaki guda a kansa, wannan ba zai gagare shi ba.

Ranar farko wayar ta yi ƙara a kan teburin aiki. Ya goge hannu a riga, ya ɗora yatsa a kan koren, ya ja. Shiru. Ya sake ja. Ya danna da ƙarfi kamar mai tura ƙusa cikin katako mai taushi. Gilashin yana ta haske, koren yana ta tsalle, har kiran ya yanke. Sau ɗaya cikin goma takan ji taɓinsa, sauran tara kuwa kamar bango yake shafawa.

Ya leƙa wurin maƙwabcinsa mai walda.

"Kawo nan, tsoho, wannan ba aikin 'yan katako ba ne."

Mai walda ya shafa, ya murza, har da hura mata iska. Ya miƙo ta yana kallon gefe.

"To, ɗan ƙarfe, yaya?"

"Wayar taka girman kai gare ta. Hannun masu zama a ofis take so."

Suka yi dariya, amma dariyar Baba ba ta kai ciki ba. Bai ƙara gaya wa kowa ba. Duk sanda Auta ta samu ya ɗauka, sai ya ce waya lafiya lau, Allah ya yi albarka. Ana cikin haka saƙo ya shigo cewa an ƙara faɗin ƙofofi, saƙon ya kwana huɗu ba a buɗe ba, shi kuwa ya ƙera ƙofa shida a kan tsohon awo. Ƙofofi masu kyau, ba inda za su shiga.

Ɗan kwangila ya zo da kansa. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi zafi.

"Baba, kai ubana ne, amma ni ma akwai masu jirana. Gobe da safe zan turo hoton tagogi, in kira ka. In ban same ka ba, ka yi haƙuri, zan kai wa wani."

A gida akwai Inna, matarsa. Da can ita ce mai saƙa hulunan jarirai na layin nan, kuma ba a yin taro sai an ji muryarta. Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe mata gani. An yi aiki, bai karɓa sosai ba, sai haske da inuwa take bambantawa. Tun daga nan ta daina fita. Baba ya karɓe hura wuta don kada ta ƙone, ya karɓe shara don kada ta yi tuntuɓe, ya karɓe komai cikin ƙauna har bai bar mata komai ba. Takan zauna a bakin ƙofar ɗaki, hannuwanta a kan cinya, ta ce ita ma ta shiga cikin kayan da Malam ya ƙera, sai dai ita ba a yi mata fenti ba.

Washegari da safe suna zaune a tabarma, wayar ta yi ƙara a tsakaninsu. Ya ja. Ya sake ja.

"Malam, kwana goma wayar nan tana kuka a gidan nan kamar jaririn da uwarsa ta tafi kasuwa. Me ya hana ka ɗauka?"

Ya faɗa a hankali, kamar mai amsa laifi: "Ba ta san hannuna ba."

"Kawo."

"Ke da ba ki gani?"

"Kai da kake gani me ka tsinana? Kawo, na ce."

Ta lalubo gilashin, yatsanta yana yawo inda ba nan ba. Kiran ya kusa yankewa. Sai kawai ya kama yatsan nata, ya ɗora a kan koren, ya ja. Muryar ɗan kwangila ta cika ɗakin.

"Baba! Yau an dace. Ka buɗe hoton, ina jira."

Da yatsanta ya buɗe saƙon. Lambobin sun yi ƙanana, sai ya kama babban yatsanta da manuni, ya ɗora su tare, ya buɗa su a hankali. Taga ta girma a gabansa, ya karanto awon ɗaya bayan ɗaya, ɗan kwangila yana cewa haka ne, haka ne. Da aka gama, bai saki hannun nan da nan ba. Ya ga ɗan tabon da wuƙa ta yi mata tun Auta tana goye, ya ga inda zaren saƙa ya bar 'yar hanya a gefen yatsa. Shekara da shekaru wannan hannun yana miƙo masa ruwa, bai taɓa tsayawa ya dube shi haka ba.

"In ka gama da shi, a maido mini kayana," in ji ta.

Sai dai saƙo ba ya jiran mutum ya dawo gida, da rana tsaka yake zuwa. Ya ce ta bi shi shago. Ta ce Allah ya kiyaye, a je ana kallonta tana laluben hanya? Bai yi gardama ba. Ya ɗauki ɗaya daga cikin ƙofofin nan shida da suka tashi a banza, ya yanka, ya yi mata kujera mai hannu da wurin jingina, daidai tsayin ƙafarta, wanda ya sani ba tare da ya auna ba. Ya zo ya ce kujera tana can tana jira, kuma ba ta yi wa kowa daidai sai ita.

Haka muka wayi gari muka gan su sun fito, yana riƙe da hannunta, yana faɗa mata inda kwata take da inda dutse yake. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa.

"Iye! Tsoho ya yi sakatariya!"

"Kai dai ka ji da tartsatsinka," in ji Inna. "An ce kai ma wayar ta ƙi ka."

Layin ya kwashe da dariya, ita ma ta yi, irin wadda muka daɗe ba mu ji ba.

Tun daga ranar wayar a cinyarta take zama. Tana ƙara, sai ta ɗaga yatsa sama ta ce, "Malam, aiki." Ya ajiye zarto, ya karkaɗe dusa, ya zo. Ba a jima ba ta fara bambanta ƙarar kira da ta saƙo. Wata rana ta shafa wani katakon taga da ya ce ya gama gogewa, ta ce, "Nan da saura." Ya duba, da saura kuwa; kantar hannunsa ce ta ɓoye masa. Daga nan ba abin da yake fita shagon sai ya bi ta ƙarƙashin tafinta. Tagogi suka shiga gurbinsu daram, ɗan kwangila ya ƙaro masa na gidaje huɗu.

Da Auta ta zo hutu ta ga yadda ake yi, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta yi faɗa don me ba a gaya mata ba. Kafin ta koma ta kawo masa wani ɗan alƙalamin taɓa waya kamar biro, mai roba a baki.

"Baba, ga wannan. Ka huta, Inna ma ta huta."

Ya gwada a gabanta. Alƙalamin yana taɓa gilashin, wayar ta yi 'yar ƙara ta buɗe, ba gardama. Ya yi godiya, ya sa mata albarka. Inna tana kujerarta, ta janye hannuwanta ta mayar kan cinya.

Bayan tafiyar Auta, ya juya alƙalamin a hannu na wani lokaci. Sannan ya buɗe gwangwanin manyan ƙusoshi, ya tura shi can ƙasa, ya rufe.

Da hantsi wayar ta yi ƙara. Ya ajiye guduma ya nufo kujerar.

"Ina alƙalamin da yarinyar nan ta kawo?" in ji Inna.

"Bai yi ba. Ina jin na jabu ne."

Inna, wadda kunnenta yake jin faɗuwar ƙusa a cikin dusa, ta gyara zama.

"Haka na zata," in ji ta. "Kayan yanzu ba su da ƙarko."

Ta ɗaga yatsan sama. "Yi sauri, kada ya yanke."