Gashin Bakin Ezra Mai Igiya

A masaƙarmu ba a ɓoye magana. Mu mata ɗari biyu da ɗoriya ne a zauren saƙa, kowace da inji huɗu a gabanta, ƙara kuwa ko ihu aka yi wa mutum a kunne ba zai ji ba. Don haka da leɓe muke hira, ba murya. Daga wannan bango zuwa wancan mace za ta gaya wa ƙawarta abin da mijinta ya tafka jiya, ƙawar ta gane, sauran ɗari biyun ma su gane. Mutum ɗaya ne ya gagare mu karantawa, Ezra Duxbury mai igiya, saboda Allah ya hore masa gashin baki da ya rufe bakin ruf har yana leƙen haɓa.

A cikin kwalekwalen gawayi aka haife shi, tsakanin Burnley da Skipton, ubansa na tuƙi, doki na ja daga bakin ruwa. Tun bai iya ɗaura takalminsa ba ya iya gyaran igiyar dokin nan. Da ya kai shekara ashirin ya ce ya gaji da kallon bayan doki, ya hauro tudu, masaƙa ta ɗauke shi. Daga nan bai ƙara motsawa ba.

Babban injinmu na tururi sunansa Adela, sunan 'yar mai masaƙa. Tana da tayar ƙarfe da ta kai tsayin mutum uku, an yi wa gefenta kwarmi goma sha huɗu, kowane kwarmi da igiyarsa ta auduga mai kaurin damtsen yaro. Igiyoyin nan su ke tafiya can ƙarshen ɗaki su juya wata taya ƙarama, ita kuma ta juya dogon ƙarfen da ya ratsa zaure, daga nan bel na fata ya sauko kan injin kowa. Duk ƙarfin da ke motsa injunana huɗu ta hannun Ezra ya biyo, kuma ya san haka, don tafiyarsa ma ta nuna.

Ba a ƙulla irin wannan igiya, ƙulli zai yi tsalle ya fita daga kwarmi. Warware bakin nan da bakin can ake yi, tsawon mutum biyu, a saƙa su cikin juna sili bayan sili, har kaurin wurin ya zama daidai da na sauran igiyar. Ezra kan ce wa duk wanda ya shigo ya rufe ido ya shafa, in ya gano mahaɗar zai saya masa shayi. Ban taɓa jin wanda ya sha shayin nan ba. Shekara ashirin da biyu haɗinsa bai taɓa saki ba, wannan kuwa ko masu jin haushinsa sun yarda.

Ban da igiya ba shi da wani labari. Kitse yake shafa musu, warin ya kama rigarsa, karnukan unguwa su yi ta rakiyarsa har gida. Ranar Juma'a ya sayi tumbin saniya ya bulbula masa ruwan tsami ya ci a tsaye. Makon hutun gari, lokacin da kowa ya cika jirgi zuwa bakin teku, shi yana ɗakin inji yana canza igiya, don sai a makon nan Adela ke dogon barci. In kuka haɗu a titi ka gaishe shi, kai kawai zai gyaɗa, gashin bakin ya ɗan motsa, shi ke nan ka samu rabonka na ranar.

Selina Widdup kuwa ita ce maƙwabciyata a zaure, injunanta na jikin nawa. Tun tana shekara goma sha biyu take cikin ƙarar nan, kunnenta ya yi nauyi fiye da na kowa a cikinmu, musamman muryar namiji mai kauri, wannan sam ba ta shigar mata. Bakinta dai lafiya lau. Ban taɓa ganin mace mai iya zagi da tsari kamar Selina ba, ina kuwa sonta saboda haka.

Abin ya faro ne wata bazara da aka yi zafi, igiyoyi suka ɗan saki suna sulɓi. In igiya ta yi sulɓi mu muke fara ji, inji ya yi sanyi ya zabura, zare ya tsinke. Ran nan Ezra ya ratso ta zaure, Selina ta ɗago ta ce masa da leɓe, "Igiyarka ta saki, tsohuwar tsintsiya!" To, maganar leɓe sai an wage baki sosai, haƙora duk a waje, wanda bai saba ba sai ya ɗauka murmushi ake masa. Ezra kuwa bai iya karanta ko kalma ɗaya ba, shi da ya yi rayuwarsa a ɗakin inji. Ya tsaya cak a bakin layi, inji shida tsakaninsa da ita, gashin bakinsa ya motsa na ɗan lokaci, ya wuce.

"Me ya ce, Tabitha?" Selina ta tambaye ni.

"Ina na sani? Ramawa ya yi mana."

"Au, ramawa? Zai ga ramuwa."

Kashegari ya sake biyowa. Akwai gajeriyar hanya daga tsakar masaƙa zuwa ɗakin inji, amma daga ranar ya daina bin ta. Kullum ƙarfe tara zai tsaya a wurin nan, gashin baki ya motsa, Selina ta sauke masa sabon zagin da ta kwana tana shiryawa. Ta kira shi buroshin goge murhu, ta kira shi akuyar limami, ta ce in ya mutu za ta roƙi gashin ta cusa a matashi. Mu kuwa mu yi ta dariya muna kama ciki. Shi kuma ya tafi fuska a sake, mu ce kai, mutumin nan akwai taurin rai. Shekara goma sha ɗaya ana haka, kuma babu wadda ta yi hankalin tambayar kanta me zai sa namiji ya riƙa zuwa karɓar zagi da ƙafarsa. Har yau in na tuna sai in ji kunyar wautarmu.

Sai uwar Selina ta rasu, yayanta da ke saƙa a Amurka ya rubuto ta taho, ya samar mata wuri. Ta ce to, me ya rage mata a nan ban da ruwan sama da tsintsiya? Ta gaya wa shugaban zaure ranar Asabar mai zuwa ce ƙarshenta, jirgin ruwa zai tashi daga Liverpool ranar Talata. Ni na yi kuka, ban ɓoye ba. Labari ya kai ɗakin inji ranar Juma'a, aka ce Ezra ya sayi tumbinsa ya miƙa wa kare. Ranar Lahadi, inji na tsaye, ya sa sabuwar igiya a kwarmi na tara kamar yadda aka tsara.

Litinin bai biyo ta zaure ba, Talata ma haka. Selina ta riƙa kallon bakin layi tana tsaki. "Matsoraci," ta ce mini. "Ina da zagi guda uku da na tanada masa na bankwana."

Ranar Laraba ƙarfe tara sai ga shi, hula a hannu, abin da ba mu taɓa gani ba. Ya tsaya a wurinsa, ya runtse ido, gashin baki ya fara aiki. Wannan karon bai tsaya ba, har jijiyar wuyansa ta miƙe. Ana cikin haka na ji injina ya yi sanyi. Duk masaƙiya ta san abin yi in gudu ya ragu, kashe inji ake yi nan take kafin ƙoshiyar saƙa ta maƙale ta yi ɓarna. Cikin ƙiftawa biyar hannu ɗari biyu suka kashe inji ɗari takwas. Ashe igiya ta tara ce ta fara warwarewa, sili ɗaya ya fita yana dukan katako, Mista Tattersall mai kula da Adela ya rufe tururi.

Zaure ya yi tsit, ban da murya ɗaya. Ezra ido a rufe, kunne na masa kuwwa, bai san duniya ta tsaya ba.

"...kullum na ce ina sonki, kullum kin yi mini murmushi kin amsa! Shekara sha ɗaya, Selina! Na ce ki yi haƙuri in samu ƙarfin halin faɗa a waje, kin ce to, da idona na ga kin ce to! Yanzu kuma sai Amurka? Me ke Amurka? Ina da gida mai ɗaki biyu, na sa sabon murhu, ko hayaƙi ba ya yi!"

Ya buɗe ido. Mata ɗari biyu na kallonsa, baki a sake.

Selina ta zungure ni da gwiwar hannu. Ita gurnani kawai ta ji. "Yau kuma da tsawo ya zo. Me ya ce, don Allah? Uwata ya zaga?"

Zaure duka ya riga ni amsawa. Ta waiga dama, leɓuna na cewa "Yana sonki." Ta waiga hagu, "Shekara sha ɗaya." Daga can bango tsohuwa Misis Aspden ta hau kan akwatin zare don a gan ta da kyau, tana cewa "Sabon murhu, 'yar nan, sabon murhu!" Na ga wuyan Selina ya yi ja, jan ya hau har goshi. Ta dubi Ezra ta faɗi wata magana gajeriya, da leɓe kawai, don sabo.

Ezra ya juyo wurina kamar wanda ruwa ya ci. "Tabitha, 'yar'uwa, me ta ce?"

Kafin in ce uffan Mista Tattersall ya leƙo ta ƙofa yana huci. "Duxbury! Igiyarka ta tara ta saki, kana nan kana wa'azi!"

Ban san wanne ya fi dukansa ba, sakin igiyarsa ko tonuwar asirinsa. Ya sa hularsa a baibai ya bi shi. Daga baya wasu suka ce da gangan ya lalata haɗin don zaure ya yi shiru. Ƙarya ne. Wanda ya faɗi haka bai san Ezra ba, gara ya yanke yatsa. Hankalinsa ne ba ya jikinsa ranar Lahadin nan, ya tsallake sili ɗaya bai cusa ba.

Abin da Selina ta ce kuwa, na karanta sarai, "Wayyo ni, akuyar limami." Ba amsa ba ce, tuna wa kanta take yi. Ta zauna a kan akwati ta rufe fuska da gyalenta, kafaɗunta na rawa, na kasa gane dariya take ko kuka, na ga dai duka biyun ne.

"Tabitha, sau nawa na zage shi?"

"Kullum sau ɗaya, ban da Lahadi da hutu."

"Shi kuma yana..."

"Shi kuma yana."

Ta miƙe ta nufi ɗakin inji, muka duru a bayanta. Mace ba ta shiga wurin nan, daɓensa Mista Tattersall ya fi kula da shi a kan na gidansa. Selina ta tuɓe takalmanta na katako a bakin ƙofa ta shiga da safa. Mu muka cika ƙofa da tagogi, na baya na ɗage.

Ezra ya riga ya yanke igiyar da ta lalace, shi da mai zuba wa inji mai sun janye ta gefe. Sha ukun da suka rage za su riƙe aiki har Asabar. Mista Tattersall ya ɗora hannu kan abin buɗe tururi, sai ya ga mace a tsakiyar ɗakinsa.

"Malama Widdup! Nan ba zaure ba ne!"

Ko kallonsa ba ta yi ba, wataƙila ma ba ta ji ba. Ta tsaya gaban Ezra, ta yi magana da ƙarfi irin na masu nauyin kunne, har ƙarfen rufi ya amsa.

"Kai, Ezra Duxbury! Ni ban taɓa ce maka to ba. Zaginka nake yi, kowace safiya, kowa a nan shaida ne."

"Zagi?"

"Mai kyau ma kuwa. Kuma duk abin da ka ce yau a bakin wasu na gan shi, ni ba na karɓar kaya ta hannun 'yan aike. Ɗaga tsintsiyar nan in ga bakinka."

Ya dubi hannuwansa, baƙi ƙirin da kitse. Ya dube mu. Sannan ya sa yatsu biyu-biyu ya ɗage gashin sama kamar mai ɗaga labule. Ashe ɗan ƙaramin baki ne a ciki, har da wushirya. Misis Aspden ta ce "Allah Sarki" a bayana. Ya faɗi maganar a hankali, kalma biyu, duk muka karanta, karo na farko a shekara ashirin da biyu.

Selina ta ƙura wa leɓunan ido. "Sake."

Ya sake.

"Da na murhun."

Ya faɗi na murhun, kitse ya ɓata masa kumatu. Ya ƙara da wata tambaya da ba ta cikin na ɗazu, ta Liverpool da ranar Talata. Ta ce jirgi ya san hanya, ba sai ta raka shi ba. Ezra ya saki gashin don murna, ta buge masa hannu ta ce wa ya ce ya sauke.

Mista Tattersall ya ciro agogonsa ya ɗaga sama. "Jama'a, ku ji tsoron Allah! Inji ɗari takwas na tsaye saboda mutum biyu!"

Na taɓa kafaɗar Selina na maimaita mata da leɓe. Ta waiwaya ta dubi Mista Tattersall, ta dubi Adela, ta mayar da idonta kan bakin Ezra.

"Su jira," in ji ta. "Ban gama karantawa ba."