Kan Auta a Hannun Wata

A layinsu ba mai kiranta da sunan yanka. Fara'a ake ce mata, sunan kuwa ya bi jiki. Shagon kitsonta ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti: kujerarta mai tsayi, 'yar guntuwar kujerar mai zuwa kitso, bencin masu jira, da madubin da ya tsage a kusurwa tun ranar da aka kafa shi.

Ba likitan da ya taɓa zaunar da ita ya koya mata yadda ake kula da zuciya, amma ta san abin da ke riƙe da ita. Da ƙafa take zuwa shago, ta doguwar hanya, tana gaisawa da masu shara. Ba ta cin abinci a tsaye, ba ta kuma bari duhu ya same ta a bakin aiki. Tana da wata dabara da duk matan layin suka sani. Mai kitso dai ba ta da wurin gudu, hannu na cikin gashi, kunne a buɗe, kowace mace kuma da abin da ya dame ta take zuwa. Fara'a takan saurara tsakani da Allah har ta gama gefe ɗaya. Sannan ta dafa ƙeyar matar ta ce, "To, juya kai, mu juya zance." Sai a yi dariya, a koma hirar zanen da ya fito ko wautar jikoki. Mace ta zo fuska a murtuke, ta tashi tana wa madubi murmushi.

Kai ɗaya ne ba ta haɗa shi da na kowa: na Auta, 'yarta mace tilo. Duk ƙarshen mako, in ta sallami kowa, sai ta wanke tsinke da kum, Auta ta zauna tsakanin gwiwoyinta. Yarinyar da ba ta kallon idon uwa takan faɗi abin da ke ranta, kuma a wannan zama Fara'a ta ji komai: malamar da ta tsane ta, ƙawar da ta ci amanarta, har saurayin farko da ya rubuto mata shirme. Da a ce a raba ta da wannan zama, gara a raba ta da shagon.

Sai mijin Yaya ya rasu.

Yaya ce ta goyi Fara'a bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ce ma ta fara koya mata tsagar kitso. Da zaman gida ya ishe ta, Fara'a da kanta ta ce ta riƙa zuwa shago ta ga mutane. Yaya kuwa, Allah ya yi ta da mita. In rana ta fito ta yi zafi, in hadari ya haɗo gwiwarta ta tashi. 'Ya'yanta ba sa kira, in sun kira ba su iya zaɓen lokaci ba. Shayi ya yi sanyi, in an ɗumama ya ƙona mata harshe. Tun daga buɗe shago har rufewa, tsaki ne ke bin tsaki.

Dabarar Fara'a ba ta ci a nan ba. Yaya a benci take, ba kanta ake kitsawa ba, balle a ce ta juya. Kuma ta ina za ka katse wadda ta goya ka, ga ta cikin baƙin ciki? Sai ta riƙa cewa, "Haka ne, Yaya." Daga baya ta ga kamar rashin kara ne a bar babba tana kuka ita kaɗai, sai ta fara ƙara nata. "Ni ma bayan nan nawa, Yaya." A farko aro take yi don taya hira. Ba ta ankara ba bayan ya fara ciwo da gaske.

Yaya ba ta iya doguwar tafiya, sai aka koma shiga mota. Abinci ya koma ci a tsaye, saboda ba a gama zancen ba. Hannunta ma ya canja: tana ba da labarin abin haushi, tana jan gashi ba ta sani ba. Matan layi ba su yi mata faɗa ba, zamewa kawai suka yi, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ma ya zama abin mita: mutanen yanzu ba su da amana.

Ranar da Auta ta samu aiki a kantin magani, a kan guntuwar kujerar nan ta faɗa, cike da murna.

"Can da nisa?" in ji Fara'a. "Za su tsotse ki ne kawai, ki tsufa a tsaye."

Ana gama kitson, Auta ta tashi. Daga nan uzuri ya fara yawa: yau aiki, mako mai zuwa ciwon kai, wani makon ta ce kitson kanta bai tsufa ba tukuna. Fara'a takan wanke tsinke ta ajiye, ta zauna tana kallon ƙofa. Abin yana cin ta sosai, amma ko da ta buɗe baki, sai ya fito a matsayin ƙorafi kan yaran zamani.

Wata ranar da yamma Auta ta biyo ta shago daga wurin aiki. Yaya na gyangyaɗi a benci. Auta ta durƙusa ta gaishe su, ɗankwalinta ya zame. Sabon kitso ne, ƙanana, tsagar a miƙe tsaf, mai yana ƙyalli. Ba hannun Fara'a ba ne.

Fara'a ta ce, "Wa ya yi miki?"

"Wata ce, kusa da wurin aikinmu."

"Hannuna ne ya yi zafi? Ai sai ki faɗa, in sassauta."

"Ba hannunki ba ne, Mama." Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan gwiwarta. "In na zauna a gabanki da farin cikina, da nauyi nake tashi. Sai in kwana biyu ba na jin daɗin komai. Akwai abubuwa da yawa da nake son faɗa miki, wallahi akwai. Tsoro nake ji ki gano abin da ya lalace a cikinsu."

Fara'a ta so ta jawo 'yarta, ta ce ta yafe mata, ta ce ta faɗi ko ɗaya ne yanzu. Ta miƙa hannu ta shafa kitson. Ya yi kyau, kyau na gaske, ita da ta san sana'ar ta fi kowa gani. Abin da ta yi niyyar faɗa ke nan. Auta ta ɗago ido tana jira.

"Ta ja miki gaban da yawa," Fara'a ta ji bakinta ya ce. "Gashin zai karye."

Auta ta ɗauki ɗankwalinta ta ɗaura, ta rufe kitson gaba ɗaya.

"Sai da safe, Mama," ta ce, ta fita.