Ban Kwanan Yaya Kande da Itatuwan Jajaye

Ku da kuka san Yaya Kande, ai kun san ba ta gaida mutum da safe sai ta gaida itace. Tana idar da sallar asuba sai ta ja mayafi, sai bayan gari. Ka ci karo da ita ka ce, “Ina kwana, Kande?” sai ta ɗaga maka hannu ta ce, “Dakata tukuna, akwai manya a gabanka.” Manyan nan kuwa ɗorawar bakin rafi ce da tsamiyar gonarmu! Ni faccalarta ce, mijinta Yaya Garba wan mijina ne, gida ɗaya muka zauna a Jajaye, don haka abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji ba.

Daga Unguwar Hajji ta Ƙaraye aka auro ta, ’yar malamai ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, shi ya sa wanta Malam Sule, wani ɗan koli mai bakin tsiya, duk zuwan da zai yi sai ya ce ranar da babu Garba zai zo ya ɗauke abarsa. Mukan yi dariya, amma maganar tana ci mini rai.

In ta gama gaishe-gaishen sai ta zauna gindin tsamiya da carbinta, ta rufe ido, shiru kamar an dasa ta. Wai “sauraro” take yi. Mutanen gari har sun fara cewa iskokai gare ta. Wata rana ta bar ni da daka ni kaɗai, na bi ta can rai a ɓace, na ce, “Yaya, don girman Allah me kike saurare a nan?”

Ko ido ba ta buɗe ba ta ce, “Abin da bakinki ya hana ki ji, Ladi.”

Ga rubutu kuma! Ta iya ajami tun a gidansu. Bayan la’asar sai ta jawo tawada da ’yan takardunta ta rubuta labarin ranar, sannan dole mu zauna ta karanta mana. Ba wanda ya yi aure, ba wanda ya yi faɗa, a’a: kanya ta nuna, gawo ya zubar da ganye, kurciya ta yi sheƙa a rumbu. Ranar da na haifi Isuhu ita ta karɓi haihuwar, ita ta dama mini kunun kanwa. Da yamma na ce ta karanta mini in ji yadda ta yabe ni. Sai ga shafi guda cur a kan shamuwa ta sauka a kukar masallaci, can ƙasa kuma an maƙala, “Ladi ma ta sauka.”

Na ce, “Ni ce ‘ma’?”

Ta ce, “Yo ke ai an ga cikinki. Ita kuwa baiwar Allah wa ya san irin tafiyar da ta sha?”

Shekarar da Baturen rangadi ya sauka garin nan fa, wasunku suna wurin. Dogari ya ɗaure dokin Baturen a jikin ɗorawarta, doki ya hau gwaguyar ɓawo. Yaya Kande ta je gaban kowa ta kwance shi. Dogari ya yo kanta da bulala, maza duk sun yi tsuru-tsuru, ita ko gezau. Ta dubi tafintan Baturen ta ce, “Tambaye shi, a garinsu in ya je gidan mutane dokinsa cin mai gidan yake yi?” Kafin tafinta ya gama in’ina, Bature ya cire hularsa zai share gumi, yana daidai gaban ɗorawar. Sai ta juya wajen dogari ta ce, “Ka gani ko? Har ya gaishe ta. Wallahi ya fi ka tarbiyya.” Ranar nan na shiga kasuwa ina taƙama, duk wadda na gani sai na ce mata faccalata ce fa!

To, Allah ya yi wa Yaya Garba rasuwa. Tana fita takaba sai ga Malam Sule da jakinsa da hantsi. Maigidana ya ba shi haƙuri, ya ƙi. Ya ce, “Ba ɗa ba jika, wa gare ta a nan? Tashi mu tafi gida, Kande.” Ba mai ikon hana shi, ƙanwarsa ce. Ni na shige madafa ina ta hura wutar da ba ta mutu ba.

Ta ce, “To, Yaya. Amma ai ka bari in yi ban kwana.”

Ya ce wannan dole ne. Bai san abin da ya amsa ba! Ta ja shi gona-gona, muna biye. Kowane itace sai ta durƙusa: ina gajiya, ina zafin rana, a yafe mini in na taɓa karya reshe. Ta sa shi ma ya ce amin. Ta yi wa kaɗanya, ta yi wa marke, har wani ɗan kuturun aduwa da ko awaki ba sa kulawa. Azahar ta yi, la’asar ta gota, rawanin Malam Sule ya jiƙe sharkaf. Muka dawo gida ta ɗauki ƙullin kayanta, ta wuce ni a zaure ko kallona ba ta yi ba.

Nan fa na fashe. Na ce, “Lallai Yaya! Aduwa ta samu ban kwana, ni da muka ci tuwo a ƙwarya ɗaya tun muna amare ban samu ba?”

Ta tsaya, bayanta gare ni. Can ta ce, “Su na san za su jure. Ke kuwa ban san ta inda zan fara ba.”

Malam Sule ya dube ta. Ya dube ni ina sharar hanci da gefen zane. Ya karɓi ƙullin daga kanta ya miƙo mini, ya ce, “Mai da mata ɗaki.” Ya hau jakinsa shi kaɗai.

A gidanmu ta tsufa, a hannuna ta cika, a ƙasar Jajaye aka binne ta. Allah ya jiƙan Yaya Kande, ya sanyaya makwancinta, ya haɗa ni da ita a inda ba a ban kwana.