Tashar Jirgin da Babana Yake Gadi

Lokacin yaƙin basasa ina ƙarami, a ƙauyenmu na ƙasar Bagwai, inda gona ke jingine da gona, sai gamba ce iyaka. Babana, Sale, ya tafi soja. Kakana, Malam, yana kwance ba lafiya. Da an sallame isha'i, kakata Iya takan hura karan dawa, mu zagaye ta.

Sauran tsofaffi suna ba da Gizo da Ƙoƙi, ita kuwa tatsuniyarta ɗaya ce, ta wani gari a Kudu inda hanyoyin jirgin ƙasa suka haɗu. Wanda ya riƙe tashar, shi ke da abinci da harsashi. Yau waɗannan su ƙwace, gobe waɗancan su dawo, har ƙarfen dogo ya yi zafi kamar tanda. A ƙarshe namu suka ci garin, aka sa wani dogon soja gadin tashar.

"Wane ne, Iya?"

"Kai maigidana, kanka kamar tulu amma ba ruwa. Ubanka mana. Mai gadi yana barin aiki ne ya zo gaisuwa?"

Takan ɗaga murya a nan, har baffannina su ji ta bayan zana. Ni a zatona kurumta ce ta tsufa.

Da Malam ya rasu, ana zaman makoki sai ga wani tsohon soja mutumin garin Kunci da sanda, ƙafarsa ɗaya. Ya yi gaisuwa, ya ƙara da cewa, "Allah ya ji ƙan Sale ma. Iya, kin tuna na zo na faɗa miki tun bara, a tashar nan muka binne shi."

Iya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ɗan da ya riga ubansa mutuwa ba shi da gado, 'ya'yansa ma haka. Baffannina suka raba gonar, ni da mahaifiyata muka tashi a tutar babu.

Sai da na girma na gane ba mu Iya take wa tatsuniya ba. Shekara guda tana haɗiye kukan ɗanta don in sami inda zan sa fartanya. Har yau abin yana ci mini rai. An ce an ci garin, an yi ta kiɗa a rediyo. Ni dai a Dawanau na tsufa, ina dakon hatsin gonakin wasu.