Takardar da Ba Ta Naso

Ka taɓa ɗaga takardar da aka ƙunshe nama a ciki ka duba ta a rana? Duk inda maiƙo ya taɓa sai ya yi garau, har kana hango inuwar yatsanka ta baya. Shekaranjiya maigidana ya shigo mana da balangu, na kwance ƙunshin, ban san lokacin da hannuna ya ɗaga takardar sama ba. Sai ga ni a zauren kakana, cikin warin narkakken kitse, a wata shekara da har yau ban gama gane abin da ya faru a cikinta ba.

Kakana mahauci ne. Gidanmu yana Jega Magaji, tukubarsa kuma tana bakin tasha, inda yake gasa nama tun kafin a haifi babana. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kama sunana, sai dai ya ce "uwata". A lokacin ban wuce mai azumin rabin yini ba.

Abin ya faro ne wata ranar kasuwa cikin bazara. Ban gani da idona ba, a bakin matan gida na tsinta. Wani dillalin albasa daga Aliero, yana kan hanyar ɗaurin aure, ya tsaya ya sayi balangu mai kitse. Kakana ya ƙunshe masa a takardar buhun siminti, yadda yake yi wa kowa. Mutumin ya jefa ƙunshin a aljihun babbar rigarsa, farar shadda sabuwa fil, ya shiga mota. Kafin motar ta cika, maiƙo ya ratsa takarda, ya ratsa aljihu, ya bazu a ƙirjinsa. Ya sauko ya dawo gaban tukuba, ya ware rigar yana nuna wa jama'a. Abin da ya faɗa, kowa da yadda ya ji shi. Inda dai bakinsu ya zo ɗaya shi ne ya ce tsohon ya tsufa a banza, ko ƙunshi bai iya ba. 'Yan kamasho suka kwashe da dariya. Kakana ya goge wuƙarsa, ya miƙa wa Baffa, babban ɗansa, ya taho gida da rana tsaka.

Washegari bai fita ba. Jibi ma haka. Aka ɗauka fushi ne, zai huce. Sai ya aika aka sayo masa farin alawayyo, yadi mai yawa. Ka san abin da ake yi da farin alawayyo a gidan da akwai tsoho. Kakata na ganin an shigo da shi ta zauna daɓas a bakin murhu tana salati, matan gida suka fara share hawaye. Ni ma na yi kuka, don na ga ana yi. Muna cikin haka ya ce a ba shi almakashi. Ya zauna ya yayyanka likkafanin da muke wa kuka ƙanana ƙanana, kowanne bai fi faɗin faifai ba. Kuka ya tsaya cak. Ba wanda ya san ko murna za a yi.

Daga ranar zaure ya zama wani wuri dabam. Ya tara takardun buhun siminti, ya ɓare na waje mai ƙura, ya ajiye na tsakiya. Ya sa aka kawo masa ƙaramin kasko da garwashi. Sai ya naɗe takarda kamar ɗan akushi, ya narka kitse, ya tsiyaya a ciki da zafinsa, ya rufe bakin. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a faifai, ya ɗora ƙunshin a kai, ya ɗora mini faifan a ka.

"Uwata, tahi har bakin kasuwa ki komo. Kar ki ruga, kar ki tsaya."

Haka na riƙa tafiya cikin rana da faifai a ka. Mata su leƙo ta ƙofa su ce, "Ke mai talla, mi kika kawo?" In na ce kitse ne, su ce na nawa, in ce ba na sayarwa ba ne. Yaran unguwa suka sa mini suna mai tallan banza. In na dawo sai ya sauke faifan, ya ɗaga ƙyallen a rana ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga takardar. Kullum akwai naso. Wata rana kamar kwabo, wata rana kamar tafin hannu. Sai ya ce "To," ya jefa ƙyallen a kwando.

Da fari kakin zuma ya gwada. Gwaggona da ke aure a Karaye ta aiko masa da shi cikin ƙwarya. Ya narka ya shafe takarda da gashin kaza, ya zuba ruwa a ciki, ruwan ya yini ko ɗigo bai fita ba. Na yi tsalle na ce an gama. Da aka zuba kitse mai zafi kuwa, kakin ya narke ya bi shi, suka fito tare, har ya gangaro mini ta goshi. Wannan ya ɗaure mini kai ƙwarai. Ta yaya abin da ya tare ruwa zai kasa tare mai, alhali mai ya fi ruwa kauri? Na tambaye shi, ya ce shi ma abin da yake tambaya ke nan.

Ya gwada yauƙin kuɓewa, takardar ta yi wari ta yi funfuna. Ya gwada farin ƙwai, kakata ta tashi tsaye ta ce kajinta ba don takarda suke ƙwai ba. Sai ya koma kan ƙaro. Ya jiƙa shi ya shafa, takardar ta bushe tana ƙyalli, in ka ɗiga mai a kai sai ya tsaya kamar ƙwayar ido, ba ya shiga. Amma da zarar an naɗe ta, sai ƙaron ya tsage a kan kowace karya, man ya bi ta tsagar. Damina kuma ta sauka, ƙaron ya ƙi bushewa, ya riƙa danƙo, tururuwa suka cika zaure. Na sha ganinsa zaune yana kallon ruwa na zuba daga indararo, da takarda a cinya, yana mata magana ƙasa ƙasa kamar mai lallashin jariri.

Wani abu da ya ƙara rikita ni shi ne, leda ta riga ta shigo gari a lokacin. Baffa, wanda tukuba ta koma hannunsa, ya zo wata rana ya durƙusa ya ajiye masa ɗauri guda.

"Baba, ga wagga. A sa nama ciki, a naɗe da takarda, magana ta ƙare."

Kakana ya ɗaga leda ɗaya da yatsa biyu, ya sunsuna.

"Nama mai zahi in ya shiga nan zuhwa yakai. Ni ban gasa nama don shi yi zuhwa ba."

Cikin gida kuwa kowa da abin da yake gaya mini. Innata ta ce kar in ƙara shiga zauren nan, ba a san abin da ya shafe shi a tasha ba. Babana ya ce in ya kira ni in tafi, tsoho ba ya kira a ƙi. Kakata takan ja ni gefe ta tambaye ni ko ya cinye tuwonsa. Baffa kuma ya tare ni a soro ya ce in gaya masa tsakani da Allah, shin yana magana shi kaɗai? In yana yi wa takarda magana ina zaune a wurin, shi kaɗai yake ko ba shi kaɗai ba? Na ce ban sani ba. Baffa ya girgiza kai kamar na ba shi amsar da yake tsoro.

Ni kaina ban san ɓangaren da nake ba. In na ji matan gida suna ƙus ƙus cewa tsoho ya taɓu, sai in ga kamar haka ne, don mai hankali ba ya barin sana'arsa ya zauna shafa wa takarda ƙaro. In na shiga zaure kuma na ga yadda yake auna komai a natse, yana tuna wadda ta yi naso ta gindi da wadda ta yi ta gefe, sai in ga duk gidan ba wanda ya kai shi hankali.

Bayan an yi kaka, iyayenmu maza suka zauna suka yanke shawara za a kai shi wurin wani malami a Andarai, mai yi wa masu irin wannan lalura magani, ya zauna can har ya samu sauƙi. Kakata ta ce ba da ita ba. Ta yi ta ja musu rai, yau ta ce sai an gama sussuka, gobe ta ce sai sanyi ya wuce. Ba a gaya masa ba. Ni an ja mini kunne, na kuma kama bakina, amma duk lokacin da ya ce "uwata" sai in amsa ba tare da na dubi idonsa ba.

A tsakanin nan ne ya sauya dabara. Ya daina yanka takarda ko kaɗan, ya riƙa naɗe ta daga falle guda, kusurwoyin su tashi sama, yadda babu wata mahaɗa a ƙasa. Ya daina shafawa kafin naɗi. Sai ya naɗe tukuna, sannan ya dama kokon rogo ya haɗa da ƙaro kaɗan, ya shafe cikin, ya bari ya sha iska a inuwa, ya sake shafawa. Zafi ya fara dawowa, wata rana na je bakin kasuwa na dawo, ya ɗaga ƙyalle. Fari tas. Ya ce in koma. Na koma na dawo, fari tas. Ya ɗaga takardar a rana, ba inda haske ya ratsa. Na tsaya ina jiran ya yi dariya ko ya yi kabbara. Sai ya ce in ce wa kakata ta fito masa da farar rigarsa ta sallah.

Ban san ko ya ji labarin Andarai ba, ban san ko dacewa ce kawai ba. Da hantsi washegari Baffa ya zo da motar da ya ɗauko shata, yana ta murza hannu a ƙofar gida, ya rasa ta inda zai fara. Sai ga kakana ya fito cikin farar riga, ƙamshin balangu na binsa. Shi ya gasa da kansa a zaure, ya zaɓi mafi kitse, ya ƙunshe, ya sa a aljihun ƙirji.

"Madalla da ka kawo mota. Direba, Aliero za mu. Uwata, shiga."

Baffa ba ya iya musa wa ubansa a gaban baƙo. Motar da za ta yi hanyar Andarai ta juya ta ɗauki hanyar Aliero.

Lokacin ɗibar albasa ne, tun daga nesa warinta ya tare mu. Ko'ina tsibi tsibi, ana zubawa a buhu ana ɗinkewa. Aka yi mana kwatance, muka sami dillalin albasar zaune kan buhu da wata tsohuwar taguwa, yana yi wa leburori faɗa. Aka gaisa. Kakana ya zaro ƙunshin, da sauran ɗuminsa, ya miƙa masa. Sannan ya zaro cikin aljihunsa waje, ya ware ƙirjin rigar da hannu biyu. Ko ɗigo babu.

Mutumin ya dubi rigar, ya dubi ƙunshin, ya dubi Baffa.

"Baba, lahiya dai? Daga ina?"

Baffa ya sunkuyar da kai ya tuna masa: bara, tashar Jega, farar shadda, ɗaurin aure. Mutumin ya daɗe yana sosa ƙeya.

"Wallahi ban tuna ba. Ko dai ƙanena ne? Muna kama ƙwarai, kuma shi ad da baki. In ni ne, Baba, a yahe mini."

Ya yage takardar ta gefe, yadda ake yage kowace takarda, maiƙon ya zubo masa a yatsu. Ya kira leburorinsa suka sa hannu, ya ce rabonsa da balangu irin wannan an daɗe. Ya jefar da takardar bayan buhu. Ina kallo wata akuya ta zo ta ɗauke ta tana taunawa. Na dubi kakana in ga ko zai ce wani abu, na ga shi ma akuyar yake kallo. Da za mu tafi mutumin ya sa aka ɗora mana buhun albasa a mota, yana ta godiya, da gani bai san godiyar me yake yi ba.

Muka kamo hanyar gida. Sai da muka hango gari kakana ya dafa kaina.

"To, uwata, mun gani."

Na ce, "Mun ga mi, Kaka?" Ya yi kamar bai ji ba.

Washegari da safe ya karɓi wuƙarsa a hannun Baffa ya koma tukuba. Ya ci gaba da ƙunshe wa mutane nama a takardar siminti tsurarta, mai naso, kamar yadda yake yi da can. Bai ƙara dama kokon rogo ba. Maganar Andarai ta mutu, ba wanda ya sake tayar da ita. Ragowar alawayyon kakata ta yi matatar koko da shi.

Yanzu jikokin Baffa ne a bakin tashar. Sukan sa nama a takarda mai ƙyalli, su jefa a leda, wani lokacin har leda biyu, kuma ban ƙara jin an yi rigima kan riga ba. Wanda zai saya ma ba ya sauka daga mota, ta taga ake miƙa masa, ba ya ko ganin fuskar wanda ya gasa. Tsofaffin da suka san zancen sun ƙare saura kaɗan, na kuma tambayi waɗanda na samu. Gwaggo ta ce zuciya ce irin ta mahauta. Innata har ta rasu tana cewa iska ce ta shafe shi ta sake shi. Ni da na yi shekara ina yawo da faifai a ka, na yi aure, na haifa, na aurar, kuma in ka tambaye ni yau abin da muka je gani a Aliero, sai dai in ce maka na je, ina tsaye a wurin.