Munji Mai Awon Teku

Munji bin Slama mutumin tsibiran Karkana ne. Ya taso yana su a kwalekwalen mahaifinsa, har ranar da igiya ta tsinke masa yatsu biyu na hannun hagu. Da ya warke sai ya haura birnin Safakis, ya sami aiki a wata cibiyar binciken teku. Aikin shi ne ya fita da jirgi, ya zura na'ura cikin ruwa, ya rubuta zafinsa da gishirinsa da inda ya nufa. Shekara ashirin da huɗu ya yi a haka. Bai yi karatu mai nisa ba, amma ba a taɓa kama shi ya cike gurbin awo da ka ba. In bai auna ba, sai ya bar wurin fili.

Ana saura shekara biyu ya yi ritaya sai Dakta Ulfa, wata matashiyar ma'aikaciyar cibiyar, ta dawo daga karatu a waje. Ta zo da wani lissafi na kwamfuta wanda ke zana yadda ruwan tekun yankin ke zagayawa. Ta ɗora lissafin a kan awon Munji, ko'ina suka yi daidai, sai wuri ɗaya a kudu da tsibiran. Kwamfuta ta ce arewa ruwan yake nufa, takardar Munji ta ce gabas.

Ta same shi a bakin jirgi yana dafa shayi.

"Baba Munji, anya na'urar nan taka ba ta tsufa ba?"

"Ni ko na'urar?"

"Na'urar na ce."

"To, ai tare muka tsufa, 'yata. Zauna ki sha shayi."

Dariya ya yi, amma maganar ta zauna masa a rai. Da ya koma gida ya kasa cin kuskus ɗin da matarsa Salha ta ajiye masa.

"Yarinyar da ka girmi ubanta ce ta hana ka cin abinci?" in ji Salha.

"Ba raini ta yi ba. Wataƙila ma ita ke da gaskiya, abin da ya dame ni ke nan."

Washegari ya aro sabuwar na'ura, ya ɗaure ta gefe da tsohuwar. Sau tara ya koma wurin cikin wata biyu, duk biyun suna cewa gabas. A fita ta goma Ulfa ta bi shi. Jirgi na tashi jiri ya ɗebe ta, ta rungume bokiti.

"Dakta, tekun cikin kwamfuta ba ya girgiza, ko?"

"Allah ya isa, Baba," ta ce, kanta a ƙasa.

Da ta dawo hayyacinta sai ta ga yana ta sakin igiya, igiyar ba ta ƙarewa.

"Tsaya. Zurfin nan nawa ne?"

"Mita goma sha bakwai."

"A taswirata shida ne!"

"Wa ya auna miki?"

Ashe daga wata tsohuwar taswira ta ɗauko zurfin, wadda aka zana tun kafin a haifi Munji. Akwai wani kwari a ƙasan tekun da ba ya cikinta, shi ne ke karkatar da ruwan. Mako uku suka yi suna bin kwarin suna awo. Da ta gyara lissafin, ruwan kwamfuta ya juya gabas, ko da yake ƙarfinsa bai kai na takarda ba, kuma har yau ba ta gano dalili ba.

Da takardar binciken ta fito, sunan Munji na biye da na Ulfa. Ya sa ta karanta masa layin sau biyu, ya ce da ta bari, kada mutanen Karkana su fara kiransa farfesa. Sun kuwa kira shi.

Yanzu ya koma tsibiri yana kula da dabinonsa. Ulfa takan buga masa waya kafin ta fita teku, ya gaya mata ko ranar ta fita ce.